Baba bai yarda da alat ba, ni kuma ban ga laifinsa ba

Jiya da la'asar wani mutum ya sayi buhu shida na masara a shagonmu na Dawanau, ya ce zai tura kuɗin ta waya. Ya tura, ya nuna mana rasit a wayarsa. Wayar Baba shiru. Muka jira minti goma, muka ƙara ashirin. Mutumin ya fara ɗaga murya: "Alhaji, ga shi fa an cire min kuɗina, so kake ka ce ƙarya nake yi?" Baba ya ce, "Malam, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma masarata ba za ta hau mota ba sai kuɗin sun sauka a nawa asusun." Sai bayan magariba suka shigo, kasuwa ta riga ta tashi. Mutanen kirki biyu sun kusa ɓatawa, alhali babu wanda ya cuci wani.

Na san abin da wasu 'yan uwana matasa za su ce: tsofaffi ba su waye ba, tsoron zamani suke yi. Wallahi wannan maganar tana ci min rai, domin mai faɗinta ya manta yadda aka shigar da mutanenmu cikin harkar nan.

A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsofaffin kuɗinsu suka kai banki, sababbin kuwa suka yi ɓatan dabo. Mun ga masu bin layin ATM tun asuba, mun ga ana sayen naira da naira a wurin masu POS, mun ga manomi ya karyar da hatsinsa saboda mai tsabar kuɗi kaɗai yake so. Ga sabis ba ya tafiya, ka tura kuɗi su maƙale a hanya kwana da kwanaki. Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. A wannan tsakanin ne yawancin 'yan kasuwarmu suka fara karɓar tiransifa. Kai su bango aka yi. Wanda aka tura cikin kogi ya koyi iyo da kyar, kada ka yi mamaki in har yau yana ɗari-ɗari da ruwa.

Ni kaina ATM ya taɓa cire min dubu arba'in bai ba ni ko sisi ba. Sau uku ina zuwa bankin, na cike takarda, kullum a ce in jira. Sai da aka yi mako uku kuɗin suka dawo. Ni ke nan da na yi boko, na iya karanta saƙon da suke turowa da Turanci. Ina ga mai kayan miya da jarinta duka bai kai haka ba?

Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna. Mutanen nan da ke tuhumar alat ɗin banki, a cikinsu aka samu waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, tsarin damfarar nan mai alƙawarin riba mai yawa, har ta rufe asusun jama'a a Disamba 2016, aka kuma maimaita da CBEX a Afrilu 2025. Na daɗe ina tunanin yadda mutum ɗaya zai haɗa wannan taka-tsantsan da wannan sakin jiki. Abin da na gano shi ne, mu ba na'ura muke yarda da ita ba, mutum muke yarda da shi. Manhajar damfara ba ta zuwa ita kaɗai. Ɗan uwanka ne zai kawo maka ita, ko abokin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ya nuna maka ribar da ya ci, shi ma bai san rami yake ja ka ba. Haka mai kiran waya da zai gaishe ka da Hausa mai daɗi, ya kira cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Ya yi maka magana kamar mutum, abin da bankin naka bai taɓa yi ba.

Shi ya sa mai POS na bakin layi ya fi babban reshen banki daraja a idon jama'a. An san gidansu, in kuɗi suka maƙale akwai wanda za a tsare a tambaya. OPay da Moniepoint sun shiga kasuwanni ne ta hannun irin waɗannan yaran, kuma kuɗi suna sauka nan take. Ita kuwa eNaira, nairar cikin waya ta Babban Banki da aka ƙaddamar a Oktoba 2021, har yau ba a taɓa zuwa shagonmu an ce za a biya da ita ba.

Don haka roƙona ga bankuna da hukumomi yake, kafin ya kai ga su Baba. A mayar wa mutum kuɗinsa cikin kwana ɗaya in suka maƙale. A sa wanda zai saurari kuka da Hausa a kowane reshe. A shiga rediyo a bayyana wa mutane haƙƙinsu. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, wato NDIC, ce ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne. Na tambayi maƙwabtanmu a kasuwa, babu ko ɗaya da ya san akwai wannan inshorar a kan ajiyarsa.

Mai masarar ya dawo yau da safe ya ɗauki kayansa. Baba ya ba shi haƙuri, ya kuma biya kuɗin dako daga aljihunsa saboda kwanan da ya sa shi yi a Kano.