Mu muna sa masa mari, su suna ba shi makulli

Jama'a akwai abun da ya daɗe yana cina a rai, yau dai na ce bari in amayar da shi ko na huta. Shekarata tara kenan a Amurka, kuma da wani ya ce min wata rana zan sauka ɗakin ƙasan coci in zauna a tsakiyar mashaya da sai na ce masa ya je a duba kansa, amma wallahi sai da na zauna, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba.

Wani yaro ne ɗan wajenmu, ba dangin iya ba na baba, haya ce ta haɗa mu yake ce min Yaya. Karatu ya kawo shi, karatun ya watse, ga kaɗaici ga aikin dare ga kunyar a ji a gida, ya fara da kwalba ɗaya ranar hutu har ta kai sai ya kurɓa hannunsa ke daina rawa da safe. Rannan 'yan sanda suka tare shi yana tuƙi a buge, aka karɓe lasisi, alƙali ya sa masa sharaɗin zuwa mitin ɗin masu son daina sha. Toh wa zai kai shi? Ni. Da farko a mota nake zama ina ta tsaki, a raina ina cewa mutum ya saɓa wa Allah kuma ni ake wahalarwa. Sanyin Janairu ne ya koro ni ciki, ashe suna da mitin iri biyu, wanda mashaya kaɗai ke shiga da wanda kowa zai iya zama ya saurara.

Kujerun roba ne a zagaye, ba likita ba fasto ba ɗan sanda. Wani dattijo da rigar aikin gini, wata mata da kana gani ka san babbar ma'aikaciya ce, wani yaro da bai fi ashirin ba yana ta kaɗa ƙafa. Kowa in zai yi magana sai ya faɗi sunansa na farko kawai ya ce ni mashayi ne, ɗakin ya amsa masa da gaisuwa, ya faɗi abun da ke ransa na minti uku ko huɗu, ba mai katse shi, kuma abun da ya fi ɗaure min kai, ba mai yi masa nasiha bayan ya gama. Mu da in mutum ya buɗe baki ya ce na yi kuskure kafin ya rufe mutum biyar sun hau mumbari. Nan sai dai a ce mun gode, na gaba ya ɗauka.

Daga baya na bi diddigin abun. Sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, wato mashayan da ba a faɗin sunansu. A 1935 ta faro a garin Akron na jihar Ohio, tsakanin mutum biyu da giya ta gama da su, Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari daga New York da Bob Smith likitan tiyata. Wilson ya je garin kan harkar kasuwanci, harkar ta lalace, ya ji kwalba na kiransa, maimakon ya nemi malami ko likita sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin ɗan uwansa ya yi magana da shi, ba dan ya ceci wancan ba, dan ya ceci kansa. Duk sirrin abun yana nan wajen. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12, a 1951 aka kafa Al-Anon saboda matan mashaya da iyalansu, a 1953 kuma Narcotics Anonymous, NA a taƙaice, ta fito a Kalifoniya saboda 'yan ƙwaya da hodar iblis da sauransu, duk tsarin ɗaya ne.

Matakan ba sai na jero su duka ba. Na farko ka yarda abun nan ya fi ƙarfinka, rayuwarka ta kuɓuce maka. Na biyu da na uku ka miƙa wuya ga wani iko da ya fi naka, su suna cewa Allah yadda kai ka fahimce Shi. Na huɗu ka ɗau biro da takarda ka yi wa kanka hisabi ba sani ba sabo, na biyar ka karanta wa mutum ɗaya. Na takwas ka rubuta sunan duk wanda ka cuta, na tara ka je ka gyara, ka biya bashi ka nemi yafiya, sai dai in zuwan naka zai ƙara cutar da shi ko wani. Ranar da na ji wannan na ce a'a, wannan ai sharaɗin tuba ne da aka koya mana tun muna yara, nadama, dainawa, niyyar ƙin komawa, da mayar da haƙƙin mutane. Bambancin kawai mu mun haddace, su sun mayar da shi aikin gida mai takarda da wanda zai bi ka ya tambaye ka ko ka yi. Yaron nan sai da ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce Yaya, kuɗin hayan nan da na ce banki ne ya riƙe, ƙarya na yi maka, shanye su na yi, ga rabi ga ranar da zan cika. Ni na ma san ƙaryar tun lokacin, amma ban taɓa zaton zan ji ta daga bakinsa ba.

Mataki na sha biyun shi ne ya tsaya min. Wanda ya samu sauƙi aikinsa ne ya koma ya riƙo wani. Kowane sabo yana zaɓar wani tsohon hannu ya zame masa madugu, ya ba shi lambar waya ya ce ko ƙarfe uku na dare ne in ka ji za ka sha kira ni kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Madugun yaron nan dattijon nan ne mai rigar gini, shekara sama da ashirin rabonsa da giya amma har yau cewa yake ni mashayi ne. Ba a biyansa ko sisi. Ƙungiyar ma ba ta karɓar gudummawa daga waje, kwando ake zagayawa da shi kowa ya jefa abun da ya sawwaƙa a biya hayar ɗaki, shikenan.

Yanzu mu waiwaya gida. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, kowa ya tuna. Toh ina mutanen nan suke zuwa in sun gaji suna son dainawa? Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Maiduguri da Kware suna ƙoƙari, NDLEA ma tana da wuraren gyaran hali, amma gado nawa ne, kuma in an sallame ka ran nan ka koma layinku ka tarar da abokan cajinka suna nan inda ka bar su. Saura kuma sai ɓoyo a ƙuryar ɗaki, ko a kai yaro gidan mari. Ba mu manta Satumbar 2019 ba da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ni ban zagi iyayen da suka kai 'ya'yansu ba, uwar da ɗanta ya sayar da kayan ɗakinta ya ɗaga mata hannu ba ta da lokacin falsafa, inda aka nuna mata nan za ta je. Amma mari ƙafa yake riƙewa, ba ya riƙe kwaɗayin da ke cikin kai, ranar da aka kwance sai a dasa daga inda aka tsaya.

Abun da muka rasa a ganina ba gini ba ne ba kuɗi ba. Tsohon ɗan ƙwaya ne ba mu da wurin ajiye shi. A wajenmu in Allah ya shirye ka, babban rabonka shi ne a manta, ka binne tarihin, kar masu binciken aure su tono, kar a ce wa ɗanka ubanka ɗan wiwi ne. Sai ya zama mutumin da ya fi kowa sanin yadda ake fita ramin shi ne ya fi kowa yin shiru, aka bar wa'azin a hannun mu da ba mu taɓa sanin yadda jiki ke karkarwa da ƙaiƙayi in tiramol ta yanke ba. Ai ciwon ɗan ƙwaya sai ɗan ƙwaya, ƙaryar da zai min in haɗiye dattijon nan tun kafin ya ƙarasa ta yake dariya ya ce ni ma na yi wannan a shekara kaza.

Na san me wasu za su ce, ni ma na faɗa. Na ɗaya asalin abun daga wata ƙungiyar Kirista ya tsiro, Oxford Group, kuma yawanci a coci ake taron, wasu wuraren ma da addu'arsu suke rufewa. Gaskiya ne, ɗakin haya ne dai amma ni ma ban taɓa jin daɗin wannan ɓangaren ba, in sun tashi riƙe hannu sai in koma gefe, ba wanda ya taɓa harara ta. Na biyu kuma ya fi nauyi, an ce mana duk al'umma ana yafe mata ban da masu bayyana saɓonsu, wanda Allah ya rufa masa asiri ya wayi gari yana tona kansa. Na juya wannan a raina sosai. Ni ba malami ba ne, amma ina ganin akwai tazara tsakanin mai ba da labarin shaƙiyancinsa yana alfahari da wanda ke kuka a ɗaki rufe yana neman a taya shi dainawa, kamar yadda kake buɗe wa likita inda ba ka buɗe wa kowa. Kuma a Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya ce kar ku tsine masa, yana son Allah da ManzonSa. Ita kanta giyar ai a mataki-mataki aka haramta ta. Musulmi ba su tsaya jiran mu gama gardama ba, a Baltimore tun 1989 wasu suka kafa Millati Islami suka sake zuba matakan a kan Alƙur'ani da sunna, Iran kuwa tana cikin ƙasashen da NA ta fi yawan mitin a duniya.

Kar kuma a ce na zama ɗan talla. Abun ba ya yi wa kowa aiki, na ga fuskoki da yawa sun zo sati biyu sun ɓace. Babban nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2020 ya tattara bincike 27 da mutum 10,565, ya samu kusan kashi 42 cikin ɗari na masu bin tsarin AA ba su sha ba har shekara guda, sauran hanyoyin kusan 35, ka ga ya fi amma ko rabi bai kai ba, kuma wannan kan giya ne kawai. Wasu kalmar "ya fi ƙarfina" ce ke kashe musu gwiwa, su sai su tafi wata ƙungiyar mai suna SMART Recovery da ba ruwanta da maganar imani. Tilasta mutum zuwa da alƙalai ke yi ma kotunan Amurka sun sha cewa ba daidai ba ne in ba a ba shi zaɓin da babu addini a ciki ba. Sannan mitin ba asibiti ba ne, wanda giya ta kama sosai in ya yanke rana ɗaya zai iya farfaɗiya har ya mutu, sai likita ya sauko da shi a hankali, masu ƙwayoyi irin su tiramol da kodin kuma akwai magunguna kamar methadone da buprenorphine da ke ceton rai, kuma abun haushi a wasu ɗakunan NA ana yi wa mai shan su kallon bai daina ba tukuna. Wannan ni ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Matsalar da na fi hangowa in za a yi a gida ita ce bakinmu. Nan inda nake a Amurka birni ne da maƙwabcinka bai san sunanka ba, ɓoye suna abu ne mai sauƙi. Mu kuwa kana shiga za ka tarar da ƙanin matar yayanka, kafin la'asar labari ya zaga dangi a WhatsApp. Sai dai a fara ƙanana, mutum biyar shida, nesa da unguwa, mata nasu daban da mace a gaba, ko ma ta waya tunda tun lokacin korona ake yin mitin ɗin a Zoom ba dare ba rana. Kuma dan Allah kar wani ɗan siyasa ya ji ya zo da kyamara da buhun tallafi.

Yaron nan wata bakwai ya yi ya faɗi. Kwana huɗu ban gan shi ba, ya dawo yana wari, ni har na haɗa masa kayansa a jaka na ajiye a falo. Dattijon ne ya zo da motarsa ya ɗauke shi, ni ma na bi su dan in ga yadda za su ci masa mutunci. Suna da wasu 'yan sulalla da suke bayarwa, na wata ɗaya, na wata uku, na shekara, ya miƙe gaban kowa ya sake karɓar na kwana ɗaya kansa a ƙasa, ɗakin ya ɗau tafi kamar wanda ya ci kofi. Ni haushi ma na ji a lokacin, na ce wa dattijon a waje yanzu wannan har abun tafi ne? Ya ce ba faɗuwar muke tafa wa ba, da yawa in sun faɗi ba sa dawowa, jana'izarsu muke zuwa.

Yanzu wata goma sha huɗu kenan, lasisinsa ya dawo, ba ya buƙatar in kai shi. Makullin ɗakin ƙasan ma a hannunsa yake, shi ke zuwa da wuri duk ranar Talata ya buɗe ya jera kujeru. Jakar da na haɗa masa har yau bai tambaye ni zancenta ba, ni ma ban tayar ba.