Jami'ar Bayero: A Ƙirga Waɗanda Suka Shiga Kafin A Ƙirga Waɗanda Suka Fita

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin yaye ɗalibai a sabon matsugunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo ya san yadda ranar take. Tun da hantsi motoci sun cushe daga Kabuga har Rijiyar Zaki. Iyaye mata sun zo da kuloli cike da shinkafa da jarkokin zoɓo, an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyoyi, masu ɗaukar hoto suna ta kai-komo. Na taɓa ganin wani dattijo, da alama daga ƙauye ya yi sammako, ya karɓi hular digirin 'yarsa da hannu biyu yana jujjuya ta, bakinsa na motsi da addu'a, hawaye na bin gemunsa. Rana ce ta farin ciki, kuma duk wanda ya kai ta ya sha wuya kafin ya kai.

A cikin ɗakin taro kuwa, shugaban jami'a ne ke karanta lissafin shekara. Tsarin jawabin kusan iri ɗaya ne a dukkan jami'o'inmu: ga adadin waɗanda aka yaye, ga waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya, wato masu maki 4.50 zuwa sama cikin 5.00, ga kwasa-kwasan da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta tantance ta amince da su, ga gine-ginen da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya yi, ga malaman da suka kai matakin farfesa, ga inda jami'a ta tsaya a jadawalin jami'o'in duniya. Washegari jaridu su ɗauki adadin masu daraja ta ɗaya su yi kanun labari da shi, shi ke nan an rufe littafin shekara.

Ina so a ƙara lamba ɗaya a wannan jawabi, kuma ina so ta zo a farko. Cikin kowane ɗalibi ɗari da aka rantsar a aji ɗaya shekara huɗu ko biyar da suka wuce, nawa ne ke zaune cikin rigar digiri a yau? Sauran fa, ina suka tsaya, kuma me ya tsayar da su?

Kafin in yi nisa, bari in ba jami'ar haƙƙinta, domin ta ci a yaba mata. Makarantar da ta faro a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta tsaya da ƙafarta a 1977, yau tana da abubuwan da kowane Bakano zai nuna da alfahari. Cibiyar Binciken Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka fi sani da CDA, ta shiga sahun cibiyoyin da Bankin Duniya ya zaɓa ya tallafa wa a Afirka, kuma ɗalibai daga wasu ƙasashen nahiyar suna zuwa Kano yin digiri na biyu da na uku a cikinta. Likitocin da ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano 'ya'yanta ne. Gidan Mambayya a Gwammaja, inda Malam ya zauna, a hannunta yake, ta mayar da shi wurin nazarin dimokuraɗiyya. A 2019 aka ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a harabarta. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya faɗo daga sama, mutane ne suka yi gumi a kai. Saboda jami'ar tana da wannan nauyi ne ma nake ganin ita ce ya kamata ta fara abin da nake roƙo, sauran su biyo baya.

Mu dubi abin da yaron da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya gani da idonsa. A watan Maris na 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki, ga annobar korona ta rufe makarantu, ba a janye ba sai a Disamba. Wata tara. An dawo an fara gyara zama, sai a ranar 14 ga Fabrairun 2022 aka sake tafiya, sai 14 ga Oktoba aka dawo. Wata takwas. Jimilla wata goma sha bakwai daga rayuwar matashi, digirin shekara huɗu ya koma kusan shida. Wanda ya shiga da ɗan shekaru a jikinsa, kamar yawancin yaranmu da suka fara bi ta makarantar allo ko suka yi difloma tukuna, yana iya haura talatin kafin ya gama, ya rasa damar zuwa bautar ƙasa, a miƙa masa takardar yafewa.

Bai gama farfaɗowa daga wannan ba, sai ga ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin man fetur. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi, kwanon shinkafa ya tashi, hayar ɗaki ta tashi. A cikin watannin nan ne jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, suka ƙara kuɗin rajista, ya ninka abin da aka saba biya. Hujjarsu ba ta ƙarya ba ce. Gwamnatin tarayya albashi take biya, kuɗin gudanarwar da take bayarwa bai taka kara ya karya ba, jami'a ce ke neman na dizal, na ruwa, na shara, na sinadaran ɗakin gwaji da na takardun jarrabawa. Da aka ɗaga farashin lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa Naira 225 kan kowane yunit (kilowat-awa) a Afrilun 2024, sai nauyin ya ƙara danne manyan makarantu da asibitocin koyarwa. Wanda ya san wannan ba zai zagi shugabannin jami'a ba. Amma mahaifin da ke sayar da kayan miya a Kasuwar Rimi shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce ba shi da su.

Akwai shaidar da ke nuna girman ramin. A 2023 gwamnatin Kano ta amince da fitar da Naira miliyan 700 domin biya wa 'yan asalin jihar 7,000 da ke karatu a Bayero kuɗin rajista. An gode, kuma Allah ya saka. Sai dai a tsaya a yi tunani a kan lambar kanta. Mutum dubu bakwai, daga jiha ɗaya, a jami'a ɗaya, a shekara ɗaya, suna buƙatar a kawo musu ɗauki kafin su iya ci gaba da karatu. To ɗan Jigawa fa, da ɗan Yobe, da ɗan Kogi, da wanda sunansa bai shiga jerin ba? Shekarar da ta biyo baya fa? Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ya ceci mutane da yawa. Amma wanda ya riga ya fice a 2023, rancen bai same shi a aji ba.

Na san irin wannan yaro, a layinmu yake. Wata jami'a yake zuwa, ba zan kama sunanta ba, domin labarinsa na iya faruwa a kowace. Mahaifinsa tela ne, ya rasu yaron yana aji biyu. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, shi ke koya wa ƙannen unguwa lissafi a zaure bayan magariba. Da aka ƙara kuɗi ya yi ta buga-buga, ya haɗa kusan rabi, kafin ya cike aka rufe shafin rajista. Wata rana da yamma na tare adaidaita sahu a bakin titi, na shiga, sai direba ya waiwayo ya ce, "Kawu, ina wuni?" Shi ne. Na ce, "Ɗana, ya karatun?" Ya ɗan yi shiru yana kallon hanya, sannan ya ce, "Kawu, na ɗan ajiye ne, baɗi in Allah ya so zan koma." Da zan sauka ya ƙi karɓar kuɗina, sai da na tura masa a aljihu. Baɗin ta zo ta wuce. Mahaifiyarsa har yanzu tana ajiye da takardar shigarsa jami'a a cikin leda, a ƙasan akwatinta.

Wannan yaro ba ya cikin lissafin kowa. Ba a kore shi ba, balle a sa shi cikin waɗanda majalisar jami'a ta sallama saboda faɗuwa ko satar amsa. Bai gama ba, balle a ƙirga shi ranar biki. Ya zame ne kawai ta tsakani. Irinsa akwai 'yan mata da aka yi wa aure suna aji biyu, haihuwa ta zo, babu mai riƙe jariri lokacin lakca, karatu ya bi ruwa. Akwai waɗanda kwas ɗaya tak ya riƙe su shekara biyu har suka gaji suka haƙura. Kowane rukuni da maganinsa daban, kuma likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce talauci ba jami'a ta kawo shi ba, kuma ba ita za ta kawar da shi ba. Gaskiya ne. Wasu za su ce fitar da irin wannan lamba tonon silili ne, abokan hamayya su samu abin faɗa. Wannan kam ban yarda ba. Shugaban jami'ar da ya tsaya gaban gwamnoni da attajiran da suka zo karɓar digirin girmamawa ya ce, "Ga ɗalibai kaza da muka rasa bana saboda abin da bai kai Naira dubu ɗari ba, ga jihohinsu, ga tsangayoyinsu," ya fi ƙarfin hujja a kan wanda ya roƙi a gina sabon ɗakin taro. Kano gari ne na masu fitar da zakka da masu waƙafi. Akwai tsofaffin ɗalibai a bankuna, a majalisa, a ƙasashen waje. Da yawansu za su bayar idan aka nuna musu mutum takamaimai da adadi takamaimai, aka kuma dawo shekara mai zuwa aka ce musu ga shi ya gama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan bai nuna wurin ba, maƙwabci ba zai san inda zai kawo langa-langa ba.

Aikin ma ba mai wuya ba ne. Tun da aka koma rajista ta intanet, kowane ɗalibi yana da lambarsa, kuma lambar tana ɗauke da shekarar da ya shiga. Na'ura ta san wanda ya yi rajista bara bai yi bana ba. Abin da ya rage shi ne a sa wani ofishi ya fitar da sunayen a ƙarshen kowane zango, a raba wa malaman da ke kula da kowane aji, su ɗaga waya su tambaya. Kira ɗaya daga malami yana iya dawo da yaron da ya ɗauka an manta da shi, ko a nuna masa yadda zai rubuta takardar dakatar da karatu bisa ƙa'ida domin kada gurbinsa ya salwanta. Da yawa ba su ma san akwai wannan hanya ba.

Malaman da za su yi wannan kira su ma sai an ƙirga su. Muna jin adadin waɗanda suka zama farfesa, muna taya su murna. Ina so mu ji nawa suka ajiye aiki suka tafi Saudiyya, Ingila ko jami'o'i masu zaman kansu a shekarar, musamman a ɓangaren likitanci da injiniya, kuma ɗalibai nawa ke gaban kowane malami a azuzuwan farko. Malamin da ke duba takardun mutum ɗari biyar ba zai lura da kujerar da ta zama babu kowa ba, komai tausayinsa.

Haka batun zaman harabar. Sau da yawa idan aka zo nan sai a lissafa gasar wasanni da makon al'adu. Suna da kyau, amma rayuwar ɗalibi ta yau da gobe ita ce gadon kwana, ruwan wanka, wutar karatu da motar zuwa lakca. Wanda ya bi ta Danbare ko Rimin Gata da safe zai ga ɗaruruwan ɗalibai na tsallaka titi daga gidajen haya, wasu kuma suna jiran motar da za ta kai su tsohon matsuguni. Rahoton shekara ya gaya mana gadaje nawa ake da su, mutum nawa suka nema, 'yan mata nawa suka rasa. Ya gaya mana awa nawa ake samun wuta a ɗakunan kwana da ɗakunan gwaji, da abin da tashar hasken ranar nan ta samar a shekarar. Ya gaya mana ƙorafi nawa na cin zarafin ɗalibai mata aka karɓa, nawa aka yanke wa hukunci, ba tare da kama suna ba. Uban da ke Gumel ko Malumfashi yana shawarar ko ya bar 'yarsa ta zo Kano karatu, waɗannan ne tambayoyin da ke ransa, sun fi masa jadawalin jami'o'in duniya da aka buga a Landan.

Saboda haka roƙona ga majalisar jami'a da ofishin tsare-tsaren karatu shi ne a fara da rukunin da suka shiga a 2019, waɗanda yajin aiki biyu da tsadar rayuwa suka faɗa a kansu. A fitar da shafi ɗaya, tsangaya-tsangaya, maza da mata: nawa suka shiga, nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka gama a makare, nawa aka sallama, nawa suka daina rajista. A karanta shi a bikin yaye ɗalibai mai zuwa, da Turanci da Hausa, a gaban iyayen da suka zo da tabarminsu, sannan a liƙa shi a shafin jami'a inda kowa zai gani.