Ramuka 14 a ƙarƙashin ruwa

Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogi na tashi, amma aikin famfo a Kaduna na koye shi. Yau shekara shida ke nan ina Palma, a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, ina aiki a inda ake ɗaga jiragen ruwan shaƙatawa na masu hali a ɗora su a tudu idan sanyi ya shigo, a gyara su kafin bazara. Mutanen gida in na ce musu filamba ne ni a jirgin ruwa sai su yi dariya, wai jirgin da ke cikin ruwa me zai yi da mai famfo.

Hunturun da ya wuce aka kawo mana wani tsohon jirgi, Grand Banks 42, ƙirar Singafo ta shekarar 1979, mai inji biyu na Ford Lehman. Wani dattijo Bajamushe ne ya saye shi, hannu na uku ko na huɗu. Abin da ya zo da shi a baki shi ne a sabunta fenti, a goge katakon bene, a canja kujerun falo. Wallahi da na ji shi sai na ce ashe Alhazan namu suna da 'yan uwa a nan.

Sai dai kamfanin inshora ya ce ba zai karɓi jirgin ba sai mai bincike ya duba shi. Mutumin ya zo da tocila, da ƙaramar guduma, da sukundireba. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya ɗaga katakon daɓe ya rarrafa ciki, ya ce in biyo shi mu ƙirga ramukan da aka huda a jikin jirgin ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. Muka samu 14: na ruwan sanyaya inji, na janareta, na ban-ɗaki shiga da fita, na wajen wanke kwanuka, da sauransu. Kowane rami da bawul ɗinsa, kuma wannan bawul ɗin kaɗai ne tsakaninka da teku.

Ya kankare ɗaya daga cikin masu ƙyalli, sai ga cikinsa ya yi ja-ja. Ya ɗan bugi hannun bawul ɗin da guduma, ya ɓalle kamar biskit. Dalili kuwa, tagulla iri biyu ce. Akwai wadda ake haɗa jan ƙarfe da kuza, irin kuzar da aka san Jos da ita, wannan tana jure ruwan gishiri shekara da shekaru. Akwai kuma wadda ake haɗawa da tutiya, irin ta famfon gidajenmu. Ruwan teku yana tsotse tutiyar sannu a hankali ya bar ƙarfen da ƙananan ramuka, waje lafiya lau, ciki ya mutu. Abin da ya ba ni mamaki, bawul ɗin da suka zo da jirgin tun 1979 kwance su kawai muka yi, muka goge, muka sa giris, muka mayar. Waɗanda wani ya saka daga baya don ya rage kuɗi su ne suka ruɓe.

Daga nan fenti ya koma jira. Duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa sai da muka canja shi, kowane baki da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ɗaya ya saki ɗaya na riƙe. Kusa da kowane rami muka ɗaure wani ɗan katako mai tsini da igiya, don ranar da bawul ya karye a tsakiyar teku a buga shi a toshe. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi biyu ba.

Ban-ɗakin ne ya fi ba ni wuya. Fitsari idan ya haɗu da ruwan gishiri yana zama farin dutse a cikin tiyo, har wanda ya kamata babban yatsa ya yi yawo a cikinsa ya koma da ƙyar fensir ke shiga. Warin da ya cika ɗakin kwana kuma ba daga yoyo yake ba, robar ce ta tsufa har wari ke ratsa ta. Gwajin mai sauƙi ne: ka jiƙa tsumma da ruwan zafi, ka naɗe tiyon, ya huce, ka cire ka shinshina. Jirgin ba shi da tankin tara ƙazanta, kai tsaye yake turawa teku kamar yadda aka saba a da. Yanzu dokar Sifaniya ta hana zubar da ita ɗanya sai an yi nisan mil 12 daga gaɓa, don haka sai da muka nema wa tanki wuri a ƙarƙashin gado. Kwana uku ina kwance a gefe ɗaya, hannu ɗaya kawai ke shiga. Ruwan sha bai ba da wahala ba, bututun roba ja da shuɗi, sabon famfo mai aiki da batir, shi ke nan.

Ina cikin ramin nan ne nake tuna yadda muke aiki a gida. Mu fasa bango, mu shafa gam, mu tura bututu, birkila na tsaye a kanmu da siminti yana cewa a yi sauri, mai tayil na jiran birkila. Ba wanda ya taɓa cewa a saki ruwa a gani kafin a rufe. Bayan damina biyu bango ya jiƙe, fenti ya kumbura, sai a kira mai fenti. Ni ma da hannuna na yi irin wannan aikin, ba sau ɗaya ba.

A gida yoyo bango kawai yake ci. A ruwa kuwa mu 'yan Yauri mun san abin da yake ci. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya dare a kogin Neja kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutane sama da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita da rai. Allah ya jiƙansu. Bayan an yi ta'aziyya sai aka ce jirgin ya tsufa kuma lodi ya yi yawa. Wa ya rarrafa cikinsa da tocila kafin ranar?

Ba na cikin masu cewa Bature ya fi mu hankali ko tsoron Allah. Bajamushen nan da an bar shi fenti zai yi ya hau ruwa da jikokinsa. Wanda ya saka masa ruɓaɓɓen bawul ma Bature ne. Kuma ta fuskar basira, ina nan ina kallon yadda ake jefa famfo mai rai a shara don wata 'yar roba ta lalace, abin da yaron shago a Kaduna zai tayar kafin la'asar. A nan in kayan gyara bai iso daga Barsalona ba sai kowa ya naɗe hannu. Masu sassaƙa jirgi a garinmu kuwa, da ƙwanƙwasa katako suke gane wanda ruwa ya cinye.

Abin da suka fi mu da shi mutum ɗaya ne: wanda zai zo ya ce a'a, ba a cikin aljihun mai jirgi abincinsa yake ba, kuma in ya ce a'a magana ta ƙare. Za a ce talauci ne, wanda ke neman na cefane ina ya ga kuɗin mai bincike. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma ƙirga fasinja a bakin kwata ba ya cin ko sisi, haka ma cika bututu da ruwa a bar shi ya kwana. Mu dai muna jin nauyin duba aikin mutum, kamar an ce masa ɓarawo.

Watan jiya ƙanena ya kira ni daga ginin da nake lallaɓawa a Yauri, ya ce mai famfo ya gama, gobe za a yi filasta. Na ce a ba shi wayar. Na ce, "Malam, don Allah a toshe bakunan, a cika tanki, a bar ruwa ya kwana a ciki kafin a rufe." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, ba ka yarda da aikina ba ne?" Sai da na ba shi haƙuri, na ce ni ma nan haka ake yi mini kullum. Da safe ƙanena ya turo hoto, guri biyu na ɗiga a bayan ban-ɗaki. Mai famfon ya ce gam ɗin yanzu ne ba shi da kyau.