Jinyar iyaye: wurin da finafinanmu ke tsallakewa

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar. Alhaji na zaune a falo, a zo masa da mummunan labari, ya dafe ƙirji ya faɗi. Sai ga shi a gadon asibiti ana masa ƙarin ruwa, likita ya fito yana girgiza kai: "Sai dai haƙuri." Kafin ka ƙifta ido an shimfiɗa tabarmin makoki, an shiga rigimar gado. Sama da shekara talatin ke nan da fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, amma har yau ciwon uba ko uwa a fim ƙofa ce kawai da ake bi a shiga wani labarin.

A gidajenmu kuwa ba haka ciwo yake ba. Mahaifiyata ta yi shekara biyu a kwance a Tudun Wadar Kaduna bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yayata ce ta tsaya a kanta: a juya ta dare da rana don kada bayanta ya yi gyambo, a ba ta kunu da cokali rabi na zuba a haɓa, a ciccibe ta a sa a Keke Napep zuwa gashin ƙashi. Duk wanda ya zo dubiya ya ce "Ya mai jiki?" amsa ɗaya ce, "Da sauƙi", ko da daren jiya ba wanda ya runtsa. Wata rana na tarar da Yaya a bayan kicin tana kuka. Ta ce, "Kai dai bari. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji kada Allah ya kama ni da wannan gajiyar." Ban taɓa jin wannan maganar a bakin wata jaruma ba, alhali mata nawa ne a Rigasa da Kawo suke haɗiye ta kullum?

Wasu sun yi abin da muka kasa. A fim ɗin The Father na 2020, wanda ya ba Anthony Hopkins kyautar Oscar yana da shekara 83, an sa mai kallo a cikin kan dattijon da gigin tsufa ya kama: ɗakuna na canzawa, fuskar 'yarsa ma na canzawa, har kai mai kallo ka rikice. Indiyawa, da muka tashi da finafinansu, sun yi Piku a 2015, inda Amitabh Bachchan ya fito a uba mai mita da ciwon cushewar ciki, 'yarsa na faɗa da shi tana kuma kula da shi. An yi dariya, fim ɗin ya kuma yi kasuwa, don haka batun "mutane soyayya suke so" bai gamsar da ni ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kunya: Bahaushe ba ya tona asirin iyayensa, ba ya nuna rauninsu a bainar jama'a. Gaskiya ne, kuma ba na neman a nuna tsohuwa ana canza mata zane. Amma Alƙur'ani da kansa, a Suratul Nahli, ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya manta abin da ya sani. Da Suratul Isra'i ta hana cewa iyaye "uf", ai an san akwai ranar da bakin ɗa zai so faɗa. Shirun da muke yi ne ya sa tsoho ya fara mantuwa a ce sammu ne, a yi ta yawon gidan masu magani, ga asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ba a leƙa ba.

Marubucin da ke son labari ya je ya yi wuni ɗaya a barandar asibitin Barau Dikko, cikin masu jinya da filas da tabarmi, ya ga yadda dangana ke zuwa a hankali, bayan fushi da gajiya da addu'a. Danganar Yaya ta zo ne ranar da ta daina tambayar yaushe Inna za ta taka. Ta aika aka sayo lalle, ta zauna ta ƙunsa mata a hannun da ba ya motsi, Inna na kallo tana murmushi da rabin baki.