Wai a ƙasarmu ciki ne ke zaɓe

Wani abokin aikina Bajamushe ne ya yaɓa mini magana muna shan shayi. Ya ga bidiyon rabon taliya da atamfa a layin zaɓe, ya juyo yana dariya ya ce wai a ƙasarmu ciki ne ke zaɓe. Na haɗiye, amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ranar Asabar na tafi ginin majalisarsu a Berlin, Reichstag. Ƙaton gini ne na dutse, an ɗora masa ƙubbar gilashi da 'yan yawon buɗe ido ke hawa suna leƙen zauren majalisa daga sama. Kusa da inda ake layin shiga akwai faranten baƙin ƙarfe guda 96 a tsaye a jere, kamar alluna a tsangaya. Kowane ɗaya na ɗauke da sunan ɗan majalisar da mulkin Hitler ya hallaka, da jam'iyyarsa, da inda ya mutu.

To wa ya buɗe wa Hitler ƙofa? A zaɓen 1928 kujeru 12 kacal jam'iyyarsa ta Nazi ta samu. Sai kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe a 1929, bashin Amurka ya daina shigowa, masana'antu suka yi ta rufewa. Shugaban gwamnati Brüning ya zo da tsuke bakin aljihu da ƙarin haraji, majalisa ta ƙi, aka rushe ta. Ranar 14 ga Satumba, 1930, da marasa aiki wajen miliyan 3, aka kaɗa ƙuri'a: Nazi kujeru 107, 'yan kwaminis 77. A farkon 1932 marasa aiki sun haura miliyan 6, zaɓen Yuli ya ba Nazi 230. Mutanen nan fa 'yan boko ne, masu karanta jarida kullum.

Gaskiya kashi 18 cikin 100 ne suka zaɓe shi a 1930, kuma jikokinsu ba sa ɓoye abin kunyar, har a ƙarfe suka rubuta. Mu ma a Najeriya mun yi zaɓen 1983 cikin ostaritin Shagari, wato tsuke bakin aljihu, kowa ya san yadda ta ƙare da juyin mulkin soja a Disamba. Ba na wanke masu rabon taliya. Amma matar da ta karɓa ta san abin da ta karɓa, a daren ta dafa wa 'ya'yanta. Su da suka sayar da ƙuri'arsu a kan alkawari da ƙiyayyar Yahudawa fa?

Litinin ta zo, ban ce wa abokin aikin nawa komai ba. Katin zaɓena na cikin jaka tun zuwana. Dokarmu ba ta yarda na waje ya yi zaɓe ba, nan kuma baƙo ne ni. Da dare na kira Hajiya, ta faɗa mini kuɗin kwanon masara, ta ce, "Kai yaushe za ka zo ne?"