Komai wai "na sojoji ne", haba 'yan kasuwar waya

Wallahi abin nan ya isheni. Ka shiga kasuwar waya duk abin da ka ɗaga sai yaron shago ya ce maka "yallaɓai wannan ai na sojoji ne". Tocila ta sojoji, agogo na sojoji, fawa banki na sojoji, har rigar waya ma wai ta sojoji ce, an dai shafa wa abu fenti mai dabbare-dabbare an naɗe shi da baƙar roba mai kauri shikenan kuɗi ya ninka.

Ni da ba wuta a unguwarmu na tattara ɗan abin da nake da shi na sayi fawa bankin nan, mai nauyi, har da ƙugiyar ratayawa da wani ɗan kamfas a jiki wanda ko gabas bai sani ba. Zafin bazara na shigowa ya kumbura kamar fanke, murfin ya ɗage har kana hango batirin, kusa da gado ma tsoron ajiye shi nake. Na koma shagon, mutumin nan ko kallon abin bai yi ba ya ce wai cajata ce ba ta da kyau, ya nuna min rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya. Sojan wace ƙasa ce kayansa ba sa jure ranar Afrilu dan Allah?

Abin da ya fi ƙona min rai lambar nan da suke nunawa a kwali, MIL-STD-810. E, akwai ta, ƙa'idar gwajin kaya ce ta sojojin Amurka tun 1962, ana gwada abu da zafi da sanyi da ƙura da ruwa da jijjiga da faɗuwa. Amma fa babu wani soja da ke zuwa ya duba kayan kasuwa ya buga musu hatimi. Kamfani da kansa zai zaɓi gwaji ɗaya ko biyu ya yi a ɗakinsa ya buga lambar, wani ma ko gwajin bai yi ba, fenti ne kawai da na'urar buga kwali.

Kuma wai wa ya ce duk kayan soja ƙarshen inganci ne? Gwamnati kwangila take bayarwa, sau da yawa mai araha ke ci. Bindigar M16 da aka fara ba sojojin Amurka a Biyetnam cijewa take yi ana tsakiyar faɗa, sai da majalisarsu ta yi bincike a 1967. Ku dubi nan kusa da mu, Chadi, a 1987 sojojin shugaban ƙasar na lokacin, Hissène Habré, da motocin Toyota a-kori-kura suka fatattaki tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum, har ake kiran yaƙin da sunan Toyota. Motar farar hula ce fa, irin wadda ake lodin buhuna a baya, ga gudu a yashi, ga shi kowane bakanike ya san cikinta. Yau ma ku kalli abin da jami'an tsaro ke hawa a hanyoyinmu, Hilux ce aka yi wa fenti. A yaƙin Yukiren kuwa ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin DJI, irin na masu ɗaukar hoton biki, su ake harbawa sama ana leƙen abokan gaba.

To mu talakawa me ya kai mu biyan kuɗin fenti? Ni abin da nake so batiri ya riƙe caji, in ya lalace a samu mai gyara a bakin titi. Duk mai shagon da ya yarda da kayansa ya rubuta min garantin wata shida a rasit ya sa hannu, ko ya ɗaga abin daidai ƙirjinsa ya sake shi a kan simintin shagon ina kallo, in ya kunnu in biya ko ragi ba zan nema ba.