Keken dubu 165 da tsoho mai dankali

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake cewa zan sayi keke, kun sha ji a majalisa. Sai da likita ya dubi tumbina ya yi shiru na tashi haiƙan. Kuma ba keken cefane nake so ba, na hawan dutse nake so, mai giya da ƙosassun tayoyi, tunda a Jos muke, duk inda ka waiwaya dutse ne ke kallonka.

Kasafina dubu 80. Uwargida ta ce 50 ma ya isa, "ai keke keke ne." Kuskurena ɗaya, tafiya da ƙaninta. Kun san shi.

Uku mai shagon ya fito mana da su. Na farko sabo dal, sai ƙyalli, dubu 85, amma da na ɗaga shi sai na ji kamar ƙyauren shago. Na biyu gwanjo ne, jikinsa alminiyam, giya 21, birkinsa na faifai, dubu 180. Na uku ko taɓa shi ban yi ba, don da na ji dubu 450 sai na mayar da hannayena aljihu. Ni zuciyata na kan na farko. Sai surukin nawa, wanda rabonsa da keke tun firamare, ya tsuguna yana matsa taya kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Yaya, araha ba ta ado." Mai shago kuma sai Alhaji yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa kai rakiya ba. Duk Alhaji ɗaya sai na ji kasafina ya ƙaru da dubu goma. Na taya na biyun 150, ya ce albarka, aka tsaya a 165. A gida na ce 90.

Bayan kwana biyu na ga sabon takalmi a ƙafar surukina. Ban ce la'ada ya karɓa ba. Na dai ce mutumin da tun ƙaramar salla yake riƙe mini da kuɗin gyaran janareta bai kamata a gan shi da sabon takalmi ba.

Ranar Asabar da sassafe na kama hanyar Lamingo, na nufi wajen duwatsun Shere. Ba ƙololuwar zan hau ba, wannan ta haura mita 1,800, ni gindin kawai nake so na gaisar. Surukina kuma ya ce zai biyo ni a baya "saboda tsaro." A motata. Da man da na sayi keken don na daina ƙonawa.

Giyar nan faranti uku ne a gaba, bakwai a baya. Babu wanda ya gaya mini cewa in za a hau tudu ƙaramin farantin gaba ake sa wa sarƙa. Ni a lissafina babba shi ne mai ƙarfi. Ina isa hawan farko na danna babban. Feda ta zama dutse. Na miƙe tsaye na zuba mata nauyina gaba ɗaya, kilo casa'in da ɗoriya, ta motsa rabin zagaye ta ce nan ta tsaya. Keke ya tsaya cak. Kuma ban faɗi nan take ba, da ma ya fi. A hankali na tafi, kamar katangar laka a watan Agusta, har na samu lokacin tunanin wane gefe ya fi ciyawa. Na zaɓi gefen da babu.

Ina kwance, taya tana juyi a sama, sai na ji ƙiiƙii ƙiiƙii. Wani tsoho ne a kan baƙin keke Phoenix, irin na kakanninmu, babu giya ko ɗaya, da rabin buhun dankali a kariya, goro a kumatu. Ko haki ba ya yi. Ya sa ƙafa a ƙasa ya ce, "Sannu yaro. Ba ka ji ciwo ba?" Na ce ina hutawa ne. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "Nawa ka saye shi?" Na ce casa'in. Ya yi salati.

Daidai nan surukina ya sauke gilashi: "A'a Baba, ɗari da sittin da biyar ne!"

Tsohon bai sake salati ba, ina jin ya ga abin ya wuce nan. Ya jingine nasa, ya ɗaga bayan nawa, ya danna giyar da babban yatsa, ya murza feda, sarƙa ta sauka kan ƙaramin faranti, ƙaras. Ya ce jikansa yana da irinsa, ajinsa huɗu. Ya hau ya tafi. Har ya ƙule ina jin ƙiiƙii ɗin nan, kuma wallahi har yanzu ina jin ta in na kwanta.

A but ɗin mota keken ya dawo gida, ƙafa ɗaya a waje. Kafin na gama wanke gwiwa uwargida ta riga ta ji farashin gaskiya, ba sai na faɗa muku daga bakin wa ba. Yanzu yana zaure, tana shanya tawul a kansa. Kuɗin janaretan ma har yau shiru.